Madubin Shagon Hakane

Sunanta na yanka yana nan a rubuce a katin asibiti, amma a layin nan kaf babu mai kiranta da shi. Hakane ake ce mata. Mai Guga ne ya laƙaba mata, wanda shagonsa ke manne da nata, katako kawai ya raba su. Wata safiya, shekara ashirin da wani abu da suka wuce, wata mata ta shigo karɓar ɗinki ta ce yau kam ruwa za a yi, tela ta ce haka ne. Matar ba ta kai bakin titi ba wata ta shigo ta ce ai yau ko ɗigo ba za a gani ba, ta ce wallahi haka ne. Mai Guga yana jin su ta cikin katako, ya yi ta dariya har ya kusa ƙona rigar mutane. Tun daga wannan rana sunan ya bi ta. Da ya leƙo ya ce mata sunan ya dace da ita, kun san abin da ta amsa.

Kada wani ya ɗauka wauta ce. Matar nan idonta ya fi allurarta tsini. A hannun goggonta ta tashi, mace mai zafin rai wadda ba a sanin ta inda faɗanta zai ɓullo, don haka tun tana 'yar shekara tara ta koyi duba fuskar mai tambaya kafin ta buɗe baki. Da ta girma ta auri mai gyaran agogo, mutumin kirki, Allah ya jiƙansa, sai dai gardama kamar me. Da rediyo ma musu yake yi. Shekara goma sha tara suka yi ba a taɓa jin kansu ba, mutane suna ta yaba zaman, ba su san shi ke tayar da zance shi ke kashe abinsa ba, ita nata kalma biyu ne. Ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku: maza biyu da aiki ya kai su nesa, sai Auta.

Shagon ɗaki ɗaya ne. Keken ɗinki na ƙafa, teburin yanka a hannun dama, benci a baya kusa da ƙofa, igiya daga bango zuwa bango inda ake rataye abin da aka gama. Sai madubi. Dogo ne, ta saye shi wurin wani mai aski da ya tashi daga layin, ya ɗan tsage a kusurwar ƙasa. Ta sa an kafa shi a bangon da keken ke fuskanta, don ta riƙa ganin mai shigowa ba sai ta waiwaya ba. A cikinsa take karanta masu kawo ɗinki. Mace za ta sa riga ta ce ta yi kyau, Hakane ta ce haka ne, alhali ta ga hannun ya koma kan kafaɗa sau biyu. Da matar ta fita sai ta warware kafaɗar ta gyara. Akwai kuma masu zuƙe ciki in an zo awo. Waɗannan ba ta ce musu komai, inci biyu take ƙarawa a littafi. Shi ya sa ɗinkinta bai cika dawowa ba.

Auta kuwa ubanta ta ɗauko, har girar. In abu bai yi mata ba, wani ɗan layi ne ke fitowa tsakanin girarta, irin nasa sak, kuma duk ranar da Hakane ta ga layin nan sai gabanta ya faɗi. Yarinyar ta yi karatu har ta kai digiri na uku. In an tambayi uwar me take karantawa, sai ta ce ma'ana. Ma'anar me? Ma'anar magana. Mai Guga ya ce to ashe shi ma dakta ne bai sani ba, tun da ya yi wayo yake gane magana, ba wanda ya ba shi takarda.

Sau ɗaya ta yi wa uwar bayani, kuma uwar ta gane fiye da yadda ta nuna. Wai sanin ma'anar jimla shi ne sanin yaushe take gaskiya, yaushe kuma ba gaskiya ba. In an ce akwai almakashi a kan tebur, maganar ta tsaya in almakashin yana can, ta faɗi in ba ya can, kuma duk wanda ya san wannan ya san abin da aka ce. Aikinsu shi ne su ɗauki maganar da mutane ke yi a kasuwa da tsakar gida su rubuta ta da alamomin lissafi, yadda ba za ta iya zillewa ba. Ta nuna mata littafin da take rubutawa na digirin: wani harafi ya tsaya da ka, wani ya juya baya, baka a cikin baka har ido ya gaji. Hakane ta juya shafi ta ce wannan ai zanen yanka ne, sai an gwada a jikin mutum ake sanin ko ya yi. Auta ta rungume ta, ta ce abin da Farfesa, malamar da ke duba aikinta, ta yi wata uku tana koya musu ke nan. Jikin da za a gwada a kansa kuwa, in ji ta, shi ne kunnen wanda ya sha harshen a nono. Wa ya fi Umma?

Haka aka fara zaman Asabar. Hakane ta ɗinka 'yan tsana biyar da ragowar ƙyalle, ta ba da gwangwanin maɓallai. Auta za ta jera 'yan tsanan a kan teburin yanka, ta ajiye wa wasu maɓalli a gaba, ta hana wasu, sannan ta karanta jimla, uwar ta ce ko maganar ta yi daidai da abin da ke kan tebur ko ba ta yi ba. Farfesa ta ja mata kunne sosai: kada mai amsa ya ga fuskar mai tambaya, don mutane suna da kunya, abin da suka ga kana so shi za su ba ka. Auta kuwa mai bin ƙa'ida ce. Kullum a benci take zama, a bayan uwar, ido a kan takarda, ta karanta da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Madubin kuwa tun tana rarrafe yake nan, ya daɗe da fita daga idonta.

A gaskiya da farko Hakane ba ta san tana yi ba. Ido ne da ya saba. Za a karanta jimla, ta ɗan ja numfashi kamar za ta ce a'a, sai ta ga layin nan ya fara fitowa tsakanin gira, kafin ta ankara bakinta ya ce haka ne, layin ya baje. Wani lokacin kuma a'a ɗin ake so, ita ma tana ganinta a fuska, ta bayar. Daga baya ta ankara, amma sai ta ce a ranta ai taimako ne. Wace uwa ce za ta ga 'yarta na neman abu, abin yana bakinta, ta hana ta?

Abin da Auta ke nema kuwa a kan kalmar “wasu” ne. In duka 'yan tsana biyar sun samu maɓalli aka ce wasu sun samu, abokan karatunta cewa suke maganar ba ta yi ba. Ita kuma tana hasashen a bakin manya ta yi sarai, yara ne suka canza. Ta gwada wasu dattawa, wannan ya ce e yau gobe ya ce a'a, wancan ya ce shi ya wuce wasan 'yar tsana. Amma Umma? Shekara uku, amsa sama da ɗari huɗu, ko ɗaya ba ta kauce ba. A kan wannan ta gina babi na huɗu, wanda shi ne ƙashin bayan littafin duka.

Saura sati shida ta tsaya gaban masu jarrabawa, sai wata makaranta ta kawo wa Hakane ɗinkin yunifom. Ranar Asabar ɗin igiya ta cika maƙil da riguna shuɗɗa, sun sauko sun rufe madubin gaba ɗaya. Auta ta zo da 'yan tambayoyin ƙarshe, ta jera 'yan tsana biyar, maɓalli biyar, ta koma benci ta karanta: “Wasu 'yan tsana sun samu maɓalli.”

Hakane ta ɗaga ido, ba fuska, sai aljihun rigar makaranta. Ta dubi tebur. A karon farko cikin shekara uku maganar ta shiga kunnenta ita kaɗai, kuma ba ta zauna mata ba. Da shugaban makarantar nan zai aiko a ce wasu yara sun samu yunifom, ai miƙewa za ta yi ta hau neman na sauran. In ta gano duka sun samu, ba za ta ce ya yi ƙarya ba, amma za ta ce mutumin nan ya wahalar da ita a banza. To wannan haka ne ake ce masa ko a'a? Ta rasa. Ta ce bari ta gyara kayan nan, suna tare mata haske, ta tashi ta ja rigunan gefe. Hannunta yana kan igiya ta ji kunya ta rufe ta tun daga ka har ƙafa. Duk da haka ta zauna, ta duba, ta ba da amsar da aka zo nema.

Da suka gama Auta tana ta murna. Ta ciro littafin da aka buga, ta ce bari ta fassara wa Umma inda aka yi maganarta. Ta karanto shekarunta, da sana'arta, da yawan zaman da suka yi. Sai ta zo kan wani layi: “A duk zaman da aka yi, mai amsa ba ta ganin fuskar mai tambaya.” Ta ce wannan layin Farfesa ta fi so, don shi zai rufe bakin duk mai shakka. Ko ba haka ba, Umma?

Hakane ta ce haka ne. Da ƙyar maganar ta fito, kamar zare ya sarƙe a keke.

Satin nan ba ta ji daɗinsa ba. 'Yarta ce da bakinta ta koya mata yadda ake auna magana: ka dubi abin da aka ce, ka dubi abin da ke nan. To ga abin da aka ce a littafi, ga kuma madubi a bango. Ranar Litinin ta haɗa hannun riga a baibai, abin da rabonta da yi tun tana koyo. Ranar Talata wata mata ta zo awo ta zuƙe ciki kamar yadda ta saba, Hakane ta tsaya da tef a hannu ta ce, “Saki cikinki, baiwar Allah, ke za ki sa rigar.” Matar ta saki ciki da baki gaba ɗaya. Ita kanta Hakane ta yi mamakin kanta, sai dai ta san ba da matar take ba. Ita ce shekara uku Auta ke auna ta tana zuƙe ciki, kuma mai awon ba ta san ana ƙara inci biyu ba.

Ta kasa riƙewa, ta faɗa wa Mai Guga ta cikin katako, wai labarin wata ne. Shi kuwa tsohon hannu ne, ya gane ko wace ce tun kafin ta kai rabi. Ya ajiye dutsen guga ya ce ta rufa wa kanta asiri ta yi shiru. Wa ya gani? Madubi ne zai je ya ba da shaida? A bar yarinya ta karɓi takardarta, ta samu aikinta, in ya so daga baya su je su ƙarata da 'yan tsanansu. Maganar “wasu” dai ba ta taɓa kashe kowa ba. Ya jira amsar da ya saba ji shekara ashirin, bai ji ba. Har sai da ya zagayo ya leƙa ta ƙofa ya tambaya ko lafiya.

Ba wai ba ta ga gaskiyarsa ba ne. In ta yi shiru, nan da sati biyar za a kira Auta dakta. Amma Auta ta ce littafin zai shiga hannun mutane a wurare da yawa, kuma kowannensu yana da uwa ko kaka da zai iya zaunarwa gaban 'yan tsana. Ranar da aka gwada aka ga ba haka ba, ba tela za a kira maƙaryaciya ba, sunan da ke bangon littafin za a kira. In kuma ta faɗa, aikin shekara uku ya rushe, kuma akwai abin da ya fi wannan ba ta tsoro: yarinyar za ta zauna ta tuna duk wani haka ne da uwarta ta taɓa ce mata tun tana ƙarama, ta rasa wanne za ta riƙe. Wannan ne ya hana ta cin abinci.

Asabar ta zagayo. An kwashe yunifom, madubi ya fito tas. Auta ta shigo ba littafi, ta zo ne a gwada mata rigar da za ta sa ranar jarrabawa. Hakane ta tashi daga kan keke ta ce ta zauna a kujerarta. Auta ta yi dariya ta ce ita da ko maɓalli ba ta iya sawa ba. Uwar ta ce ta dai zauna. Ita kuma ta je benci, daidai inda katakon ya yi sulɓi saboda zama, ta zauna.

“Ɗaga kanki,” ta ce.

Auta ta ɗaga. Ga fuskar uwarta nan a gabanta ƙarara a cikin madubi. Dariyar ta tsaya. Yarinya ce mai kaifin ƙwaƙwalwa, ba ta buƙaci a ƙara mata ko kalma ba. Suka tsaya suna kallon juna a cikin gilashin.

“Tun yaushe, Umma?”

“Da farko ban san ina yi ba. Daga baya na sani.”

“Duka ɗari huɗun?”

“Ban san wanne ne nawa ba, wanne ne naki.”

Layin nan ya fito tsakanin girar Auta, ya yi zurfin da uwar ba ta taɓa gani ba, kuma duk jikinta yana ce mata ta faɗi abin da zai share shi. Ta ma san kalmomin: wasa nake yi, sau ɗaya ne kawai, mafi yawa nawa ne. Ta damƙe bakin benci da hannu biyu ta bar layin yadda yake. Auta ta miƙe, ta ɗauki jakarta, ta fita ba sallama. Rigar jarrabawa tana rataye a igiya da allurai a jikinta.

Asabar uku Auta ba ta zo ba, ba ta kuma ɗaga waya. Ta bakin babban wanta labari ya iso: da ƙafarta ta je ta faɗa wa Farfesa, an ɗage jarrabawa, an cire babi na huɗu, sai ta ƙara shekara guda aƙalla. Ya tambayi uwar me ya haɗa su, ta ce ita ta jawo, ta kashe waya ta yi kuka sosai, da rana tsaka, ƙofar shago a buɗe. Mai Guga bai yi tsokana ba ranar, shayi ya miƙo mata ya koma. Amma kowace Asabar da safe takan ɗauko wani baƙin yadi da ya ragu, ta rufe madubin da shi, ta kama shi ta kusurwa huɗu, ta jera 'yan tsana a kan tebur. In rana ta yi sai ta cire, saboda masu gwaji.

Asabar ta huɗu, wajen ƙarfe tara, ta ji an tsaya a bakin ƙofa. Ba ta ga ko wane ne ba, abin da bai taɓa faruwa da ita ba a shagon nan, kuma ba ta waiwaya ba. Aka gaishe ta a gajarce, muryar Auta ce. Hannu ya zo ta gefenta ya raba maɓalli biyar gaban 'yan tsana biyar. Benci ya yi ƙara, aka buɗe littafi.

Aka karanta jimlar “wasu” da muryar nan ba hawa ba sauka. Hakane ta dubi baƙin yadi, ta dubi tebur. Ta ce ba ƙarya ba ce, amma ita ba za ta faɗa haka ba, kuma wanda ya faɗa mata haka zai sa ta neman abin da bai ɓata ba. Biro ya daɗe yana tafiya a bayanta. Ko murna ake yi ko baƙin ciki ba ta sani ba. Jimla ta biyu ta ce a'a. Ta uku ta ce e. Ta biyar ta ce a sake karantawa, aka sake, ta ce ba ta sani ba, aka rubuta wannan ma.

Aka gama ta goma sha ɗaya. Sannan muryar ta sake zuwa, sai dai wannan karon ba daga takarda take fitowa ba.

“Auta ta yi asarar shekara uku.”

Maganar ta shiga kunnen Hakane ta sauka har ciki. Babu fuskar da za ta tambaya. Ta san abin da uwa ke cewa a nan: a'a 'yata, ba asara ba ce, Allah zai musanya miki. Ta auna maganar yadda aka koya mata, ta dubi abin da aka ce, ta dubi abin da ke nan: babi na huɗu, da rigar da ke rataye, da Asabar ɗari da wani abu.

“Haka ne,” ta ce. “Kuma ni na jawo.”

Ba a rubuta komai ba. Benci ya yi ƙara, sai ta ji goshi ya sauka a tsakiyar bayanta, da ɗumi da nauyi, rigarta ta fara jiƙewa a wurin. Ta bar hannuwanta a kan keke ba ta motsa ba. Can Auta ta ja hanci, ta koma mazauninta, ta juya shafi.

“Ta goma sha biyu,” ta ce.